WALDAR SANHOLO: YADDA AKE KOYON GYARAN FAMFON BAN RUWA DA SAURAN KAYAN GONA

GABATARWA

An shirya wannan takarda domin manoman rani na ƙasar Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa, da samari masu koyon walda, da maƙeran ƙauye waɗanda manoma ke kawo wa kayan aiki idan sun lalace.

A da, kayan aikin manomi duk na baƙin ƙarfe ne: fartanya, garma, lauje da gatari. In ɗaya ya karye, maƙerin gari ya ishe shi. Amma tun daga 1975, lokacin da aka buɗe Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda ya haɗa har da gundumomin Faskari da Ƙanƙara, kayan zamani suka soma shiga gonakinmu. Daga 1993 kuma shirin Fadama na ƙasa ya ƙara yaɗa ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur, har suka kori jigo daga fadamu da yawa.

To, kwanson famfon waɗannan injuna, watau gangar jikin da ruwa ke shiga ya fita, galibi da sanholo ake yin sa. Haka murfin injin babur, da lagireton motocin zamani, da manyan tukwanen girki. Sanholo shi ne farin ƙarfen nan mara nauyi wanda wasu ke kira goran ruwa, wasu kuma alminiyam.

Idan kwanson famfo ya tsage ta ɓangaren da yake zuƙo ruwa, sai ya riƙa shan iska, inji na ta kuka amma ruwa ba ya hawa. Tumatir ko tattasai mai fure kuwa ba ya jiran kowa. Kwana kaɗan ba ruwa a zafin watan Maris, sai fure ya zube, wahalar wata uku ta tafi a banza. Kai famfo Funtuwa ko Zariya yana cin kwanaki da kuɗin mota, ga kuma matsalar tsaro da hanyoyin yankin suka sha fama da ita a 'yan shekarun nan. Saboda haka garin da ke da mutum ɗaya da ya iya waldar sanholo, ko a Daudawa ne, ko 'Yankara, ko Mairuwa, ya yi babbar ajiya.

Amma fa a sani, wanda ya iya waldar baƙin ƙarfe bai iya ta sanholo ba tukuna. Sai ya sake zama ɗan koyo.

HALAYEN SANHOLO GUDA HUƊU

1. Ba ya yin ja. Baƙin ƙarfe yana gaya maka zafinsa da launi: ya yi ja, ya yi ruwan lemo, kana ya narke wajen digiri 1,500 na ma'aunin santigired. Sanholo kuwa yana narkewa a digiri 660 kawai, kuma fari yake tun daga sanyinsa har narkewarsa. Kana cikin jiran ya yi ja, sai ka ga wurin ya rufta, ya bar maka rami. Wannan shi ne kuskuren farko na kowane sabon hannu.

2. Yana da fata. Da iska ta taɓa sanholo, nan take wata siririyar fata ke rufe shi, kamar yanar da ke hawa kan kunu idan ya huce. Ita ce ke hana shi tsatsa. Amma wannan fata ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Watau ƙarfen ciki zai zama ruwa alhali fatar na nan daram, ta tsaya tsakanin gefe biyu ta hana su haɗuwa. Duk dabarun waldar sanholo, a taƙaice, dabarun kawar da wannan fata ne.

3. Yana shanye zafi. Zafi yana gudu cikin sanholo fiye da yadda yake gudu cikin baƙin ƙarfe sau huɗu ko fiye. Da farko za ka ga kamar wuta ba ta yin kome, gama zafin yana bazuwa ko'ina. Da jikin duka ya ƙoshi, sai narkewa ta zo da gudu. Saboda haka a farkon layi ana jira, a ƙarshensa kuma ana sauri.

4. Yana kumbura, yana ƙanƙancewa. Idan ya yi zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, idan ya huce kuma ya tsuke. Shi ya sa yake karkacewa, ko ya sake tsagewa a gefen walda in aka bar shi ya huce da gaggawa.

KA TABBATA SANHOLO NE KAFIN KA KUNNA WUTA

Ba kowane farin ƙarfe ne sanholo ba. Ga yadda za ka bambance:

(a) Ɗora maganaɗisu. In ya kama, baƙin ƙarfe ne ko ƙarfen zubi. A famfuna da yawa kwanso na sanholo ne, amma farfelar ciki da gidanta na ƙarfen zubi ne.

(b) Auna nauyi a hannu. Sanholo kashi ɗaya ne cikin uku na nauyin baƙin ƙarfe mai girmansa. In abin fari ne, maganaɗisu bai kama ba, amma ga shi da nauyi, to zubin tutiya ne, irin wanda ake yin kafiretocin injuna da yawa da shi. Wannan yana narkewa tun bai kai digiri 400 ba. Wutar waldar sanholo za ta mai da shi ruwa nan da nan.

(c) Kankare wuri kaɗan, ka ɗiga ruwan khal ko ruwan lemun tsami. In ya yi kumfa yana tsiyaya, maganiziyam ne, wanda akan samu a jikin injin yanka katako da wasu ƙananan injuna na goyo. Ya fi sanholo rashin nauyi, kuma idan ya kama wuta yana ci da farin haske, ruwa kuwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Ɗan koyo kada ya taɓa shi. Sanholo ba ya yin kumfa da wannan gwaji.

HANYOYIN WALDA GUDA HUƊU

1. Waldar gas, watau ta kabaid da oksijin. Ita ce ta fi samuwa a garuruwanmu, kuma ba ta bukatar lantarki. Ana haɗa ta da hodar walda ta musamman ta sanholo, wadda ke cinye fatar nan. Hodar waldar tagulla ba ta yin wannan aiki, kada a ɓata lokaci da ita. A kan wannan hanya za mu fi tsayawa.

2. Sanda mai narkewa da wuri. Ana sayar da wata sanda ta haɗin tutiya da sanholo wadda ke narkewa wajen digiri 400, tun kafin jikin kwanso ya narke. Ana zafafa kwanson ne, a goga sandar a kai har zafin kwanson ya narkar da ita, kana a karce ƙarƙashin ruwanta da waya mara tsatsa don a fasa fatar. Tana da kyau wajen toshe ƙaramin huji da gajeriyar tsaga. Ba ta dace da wurin da ke ɗaukar nauyi ba, ko tukunyar abinci.

3. Waldar lantarki da sandar sanholo. Sandar da aka fi samu ita ce mai lamba E4043. Tana son wutar DC, a kuma ɗaura mariƙin sanda a bakin da ke da alamar tarawa. Tsofaffin injunan walda masu nauyi da ake naɗawa a kasuwa wutar AC suke bayarwa, ba sa tafiyar da ita sosai. Ƙananan injunan zamani da ake kira imbata su ne ke ba da DC. Sandar tana ƙonewa da sauri ƙwarai, saboda haka sai an riƙe ta kusa da ƙarfe, a kuma yi tafiya da hanzari. Ba a amfani da ita a ƙarfen da kaurinsa bai kai milimita 3 ba. Tana shan raɓa, sai a ajiye ta cikin gwangwani mai murfi.

4. Waldar agon, wadda ake kira TIG. An ƙirƙiro ta a Amurka wajen 1941 domin ƙera jiragen sama. Iskar agon tana kare wurin daga iskar waje, wutar AC kuma tana fasa fatar, saboda haka ba a bukatar hoda. Aikinta ya fi na sauran tsabta da ƙarfi, amma injin da tukunyar agon suna da tsada, kuma sai da lantarki tsayayye. Akwai kuma 'yar'uwarta, MIG, mai turo waya da kanta. A manyan garuruwa irin su Kaduna da Kano aka fi samun su.

Game da sandar cikawa, don kayan zubi irin kwanson famfo a nemi mai lamba 4043, wadda ke da silikon kashi 5 cikin ɗari, ko 4047 mai kashi 12 cikin ɗari. Ta biyun ta fi saurin narkewa da malala, ta kuma fi wuyar tsagewa. Kada ka yanko wayar lantarki ko gefen tukunya ka ce sanda ce za ka cika kwanson wani da ita. Wannan sai a wajen gwaji.

KAYAN DA AKE BUKATA

Kayan gas masu lafiya, da bakin wuta wanda ya fi wanda za ka sa wa baƙin ƙarfe mai kauri ɗaya girma da lamba ɗaya, sandar cikawa, hodar sanholo, buroshin waya mara tsatsa, sabo, wanda ba zai taɓa kome ba sai sanholo, magagari mai manyan haƙora, injin huda da bakinsa na milimita 3, tinar fenti, tsumma mai tsabta, gawayi, busasshen yashi, awartaki, tabaron walda da safar hannu ta fata.

SHIRYA WURIN DA ZA A YI WA WALDA

Rabin aikin a nan yake. Wanda ya yi gaggawa a nan zai maimaita aiki sau biyu.

1. Kwance kwanson daga jikin inji. Cire farfela, da sil, da duk wata roba ko leda da ke jikinsa. Kada ka kusantar da wuta ga inji mai fetur a tanki.

2. Wanke shi da ruwan zafi da sabulu, ka bar shi ya bushe sarai. Kana ka goge wurin da tina, ka jira ta bushe, ka kuma kai gwangwaninta nesa. Kada a yi amfani da maganin wanke birki na fesawa, gama wasu irinsa suna zama iska mai guba idan suka haɗu da wuta.

3. Nemo ƙarshen tsagar. Tsaga takan wuce inda ido ke gani. Dama alli ko farar ƙasa irin ta Ƙanƙara, ka shafa a waje, ka bari ta bushe. Shafa kananzir ta ciki. Bayan ɗan lokaci kananzir zai biyo tsagar ya zana ta a kan farin. Yi alama, sa'an nan ka sake wanke kananzir ɗin tas.

4. Huda ƙaramin rami na milimita 3 a kowane ƙarshen tsagar. Wannan shi ke hana ta ci gaba da gudu idan zafi ya shiga.

5. Idan kaurin ya wuce milimita 4, buɗe tsagar da magagari ta zama kwari mai faɗin baki, har kusan ƙasa, amma ka bar ɗan kauri a gindi. Kada ka yi da faifan gurza baƙin ƙarfe. Sanholo yana toshe shi, shi kuma yana cusa datti cikin sanholo.

6. Goge wurin da buroshi har ya yi ƙyalli, inci ɗaya kowane gefe. A tuna, wanke mai shi ne farko, buroshi daga baya. In ka fara da buroshi, tura man za ka yi cikin ƙarfe. Goge sandar cikawa ita ma.

7. Tokare ƙarƙashin tsagar da ɗan farantin baƙin ƙarfe, don ko wurin ya yi laushi kada ya rufta.

Da ka gama gogewa sai ka shiga walda. In ka bari sai gobe, sai ka sake gogewa.

YADDA AKE YIN WALDAR GAS

1. Ɗumama kwanson duka, a kan garwashin gawayi ko da wutar gas daga nesa kana zagayawa, har ya kai wajen digiri 200 zuwa 300. Alama ita ce, in ka goga busasshen tsinke zai soma barin layi ruwan ƙasa. In ka zana sabulu a gefe ka ga zanen ya yi baƙi ƙirin, zafi ya kai wajen digiri 400, ya wuce na ɗumamawa, sai ka janye.

2. Dama hoda kaɗan da ruwa mai tsabta ta yi kaurin koko, gwargwadon aikin ranar. Shafa a kwarin da kuma jikin sanda.

3. Daidaita wuta. Ana son wuta mai laushi, wadda gas ya ɗan rinjayi oksijin kaɗan, har ka ga ɗan farin gashi a gaban idon wutar. Wuta mai huci da ƙara, mai yawan oksijin, ƙara wa fatar nan kauri take yi.

4. Ɗiga walda a tsakiya da ƙarshe biyu don riƙe bakin tsagar.

5. Kwantar da bakin wuta kamar rabin tsaye, idon wutar na nesa da ƙarfe kamar milimita 3. Kada ya taɓa. Sanda tana gaba, wuta na bin ta a baya.

6. Tun da launi ba zai gaya maka kome ba, ga alamu uku da za ka lura da su. Hoda za ta bushe ta yi fari, kana ta narke ta zama kamar ruwa: an kusa. Fuskar ƙarfen za ta ɗan yamutse ta yi sheƙi. In ka taɓa da bakin sanda za ka ji laushi kamar kana taɓa tuwo. To, lokaci ya yi.

7. Tsoma sanda cikin ruwan ƙarfen, ka ɗan karce, ka ɗaga, ka matsa gaba. Ruwan ƙarfen ne zai narkar da sanda. In ka narkar da ita da wuta ta ɗiga a kan wuri mai sanyi, dunƙulewa za ta yi kamar ƙwallo, ba za ta kama ba.

8. Da ka ga ruwan yana faɗaɗa ko yana lotsawa, kau da wuta gefe nan take, ka ƙirga uku, ka dawo. Kana matsawa gaba kana ƙara sauri.

9. A ƙarshen layi ƙara sanda ka cika gurbin kafin ka ɗauke wuta. Gurbin da aka bari a lotse, daga nan sabuwar tsaga ke tashi.

Wani lokaci za ka ga baƙin datti da kumfa na tasowa. Kwanson famfo zubin inji ne, akwai iska a kulle cikinsa, tsohon murfin inji kuma ya sha mai. In haka ta faru, tsaya. Bari ya huce, ka kankare wurin da magagari, ka goge, ka sake. Idan ya ƙi har sau biyu, koma ga sanda mai narkewa da wuri, ko ka shawarci mai shi ya kai wurin mai agon.

BAYAN AN GAMA

Rufe kwanson da busasshen yashi mai ɗumi, ya huce a hankali, nesa da iskar hunturu. Kada a tsoma shi a ruwa.

Da ya huce, wanke ragowar hoda da ruwan zafi da buroshi, ciki da waje, har sai ba sauran fari. Hodar da aka bari tana jawo laima, tana cin sanholo a hankali, bayan 'yan watanni sai a ga huji a gefen walda.

Sake gwajin alli da kananzir. In babu tabo, ɗora fuskar kwanson a kan gilashi ko wani abu mai shafaffiyar fuska don ka ga ko ta karkace. Sa sabuwar roba, ka ɗaure notuna da kaɗan kaɗan, kana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Cika famfo da ruwa, ka tayar da inji a gaban mai shi. Kada ka karɓi kuɗi sai ruwa ya hau.

TSARIN KOYO NA MAKO TAKWAS

Ba a koyon aski a kan baƙo mai sauri. Sayi tsofaffin tukwane da fasassun murafun inji wurin 'yan gwangwan, ka yi gwaji da su. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama noman ƙarshe na damina, watan Agusta da Satumba, don hannu ya faɗa kafin aikin rani ya kankama.

Mako na 1 da na 2: Ba sanda. Zafafa gutsuren sanholo har ya rufta, da gangan, sau da yawa, kana lura da yadda fuskarsa ke canzawa kafin ya faɗa. Idan ka iya janye wuta kafin ruftawa sau goma a jere, ka wuce.

Mako na 3 da na 4: Ja layi da sanda a kan faranti mai kaurin milimita 3, har layin ya riƙa fita da faɗi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Mako na 5 da na 6: Haɗa faranti biyu baki da baki. Kama a matsi, ka lanƙwasa da guduma. In ya ɓalle a kan walda, duba cikin karayar. Ƙananan ramuka alamar datti ne ko laima. Gefe mai santsi wanda bai haɗe ba alamar ƙarancin zafi ne ko fatar da ba ta fita ba.

Mako na 7 da na 8: Fasa tsohon murfin inji, ka gyara shi bisa matakan da aka zana a sama, ka yi masa gwajin kananzir.

Sai bayan wannan za ka karɓi famfon mutane, kuma na farko a gaban maigidanka na sana'a.

ABUBUWAN DA BA A YI WA WALDA

(a) Tankin fetur, ko da an zubar an wanke. Tururin da ya rage shi ke fashewa.

(b) Tankin feshi, ko duk wani mazubi da maganin ƙwari ko na ciyawa ya taɓa zama ciki. Hayaƙinsa guba ne.

(c) Tukunyar gas ta girki ko ta walda.

(d) Wilin babur na sanholo, da hannun birki, da ƙahon gaba, da tsani. Zafin walda yana rage wa irin wannan sanholo ƙarfi sosai a kewayen wurin, kuma rai ne ke hawa kansu. A sayi sabo.

(e) Tukunyar abinci ba a like ta da dalma. In ta fashe sosai, a mayar wa masu zubi su sake ta. Su kuma masu zubi kada su jefa kan batir ko wani abu mai dalma cikin narki. Maƙwabtanmu na Jihar Zamfara sun ga illar gubar dalma a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sanadin ƙurar duwatsun zinariya mai dalma. Dalma a jikin yaro, ko kaɗan ce, tana taɓa ƙwaƙwalwa.

KIYAYE LAFIYARKA

1. Yi aiki a rumfa mai iska. Hayaƙin hodar sanholo yana cutar da huhu da ido. Kada ka sunkuya a kansa, kuma ka wanke hannu kafin cin abinci.

2. Sa tabarau kullum. Hodar tana ba da wani haske ruwan ɗorawa mai rufe ganin ruwan ƙarfe. Akwai gilashi na musamman da ke tace shi. Waldar lantarki da ta agon kuwa sai da cikakken murfin fuska da riga mai dogon hannu.

3. Mai ko giris kada ya taɓa kan tukunyar oksijin ko tiyonta.

4. Matsin gas ɗin kabaid kada ya wuce ba 1, watau fam 15 a agogon awo. A sa abin tare wuta a kan tiyo biyu, kuma kada a yi haɗin tiyon gas da bututun jan ƙarfe. Yoyo da ruwan sabulu ake nemansa, ba da ashana ba.

5. Sanholo mai zafi da mai sanyi kamarsu ɗaya. Ɗauki kowanne da awartaki, ka kuma hana yara zuwa kusa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Manomi, yawancin tsagewar kwanso daga hannunmu take fitowa. Ɗaure inji sosai a kan babur ko amalanke, ka shimfiɗa masa buhu. Kada ka matse noti ko murfin zuba ruwa da ƙarfin tsiya. Tokare tiyon zuƙo ruwa da icce don nauyinsa kada ya rataya a bakin famfo. Sa rariya a bakin tiyo don tsakuwa. Kada mota ko amalanke ta taka tiyon fita alhali inji na aiki, gama ruwan da aka tare farat ɗaya yana dukan kwanso daga ciki. Kada a tayar da inji famfo ba ruwa, sil zai ƙone. Kada a wanke sanholo da ruwan toka, ko kanwa, ko soda, suna cin sa. In an gama aikin rani, zubar da ruwan ciki, a ajiye inji nesa da buhunan taki. A duba shi a watan Oktoba, tun ba a dasa ba.

Idan tsaga ta same ka a tsakiyar ban ruwa, kankare wurin, ka busar, ka like da gam mai haɗi biyu. Zai iya riƙe ka 'yan kwanaki. Amma ka gaya wa mai walda, don ya kankare gam ɗin duka kafin ya sa wuta.

INDA ZA A NEMI ƘARIN ILMI

Saurayin da ke son sana'ar ya fara zama wurin mai waldar gas wanda aka san shi da gyaran lagireto da murfin inji. Kasuwar Panteka ta Kaduna ta daɗe da suna wajen aikin ƙarfe da zubin tukwane. Akwai kuma Kwalejin Fasaha ta Gwamnati da ke Funtuwa, da Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, mai tura samari koyon sana'a. Ƙungiyar manoman fadama tana iya haɗa kuɗi ta tura yaro ɗaya, ta kuma saya masa hoda da sanda, bisa sharaɗin ya dawo ya yi wa 'yan ƙungiya aiki da rangwame.

ABIN TUNAWA

1. Tabbata sanholo ne.
2. Wanke mai, kana ka goge fata.
3. Huda ƙarshen tsaga.
4. Ɗumama jikin duka.
5. Kada ka jira ja. Dubi hoda da sheƙi.
6. Bari ya huce a hankali, ka wanke hoda.
7. Gwada kafin ka mayar wa mai shi.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai, ko ofishin Hukumar Raya Aikin Gona da Karkara ta Jihar Katsina, KTARDA, na shiyyarku.